Daren da na kakkaɓo jirgin abokina

Shekara uku ke nan ina buga wani wasan kwamfuta na tuƙin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, irin wanda aka gina kan kwaikwayon zahiri, ta yadda babu wata alama da za ta fito a allo ta gaya maka wane ne naka, wane ne abokin gaba. Mukan haɗu ta intanet bayan sallar isha'i, mu huɗu, kowa yana ɗakinsa, mu tashi tare kamar ƙaramar runduna.

A daren da nake magana a kai muna cikin jiragen Mustang na Amurka, muna rakiyar jirage masu jefa bama-bamai, sai jagoranmu ya sanar cewa ya hango Jamusawa biyu suna tasowa ta hannun hagu. Na karkata, na ga wani baƙin ɗigo yana ratsa gajimare, na bi bayansa, kuma tun kafin in matso kusa na riga na yanke hukunci a raina cewa Messerschmitt 109 ne. Na danna kunama, fiffikensa na dama ya tsinke, hayaƙi ya turnuƙe. Ban gama murna ba na ji murya a kunnena: "Haba mutumina, ni ne fa ka harbo!"

Kunyar da na ji ce ta tura ni karatu, inda na tarar cewa matuƙa na gaske sun yi irin wannan kuskure da rayukan mutane. Ranar 6 ga Satumba, 1939, kwana uku kacal bayan Birtaniya ta shelanta yaƙi a kan Jamus, na'urar rada ta gabashin Ingila ta ba da rahoton da ya sa aka zaci jiragen maƙiya na tafe. Jiragen Spitfire na runduna ta 74 ta Birtaniya suka tashi daga sansanin Hornchurch, suka afka wa jiragen Hurricane na runduna ta 56, waɗanda su ma na Birtaniya ne, suka kakkaɓo biyu. Matuƙi ɗaya ya tsira, ɗayan kuwa, Montague Hulton-Harrop, ya mutu, alhali babu jirgin Jamus ko ɗaya a sararin a wannan safiya. An gurfanar da matuƙan biyu da suka yi harbin gaban kotun soja, aka kuma wanke su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, su ma an gaya musu maƙiyi na nan kafin su ga komai, sai idanunsu suka nuna musu abin da kunnuwansu suka riga suka ji. Haka ya faru da ni, domin ban tsaya na kalli jirgin ba, maganar jagora kawai na bi.

Daga baya na ajiye hotunan Mustang da Messerschmitt 109 gefe da gefe. Daga nesa sun yi kama ƙwarai, har ta kai a farkon shigar Mustang yaƙin Turai aka riƙa shafa masa farin fenti a hanci da fikafikai, saboda 'yan uwansa suna kai masa hari. Amma bambancin yana nan ga mai haƙuri: Mustang yana da babbar ƙofar iska ɗaya a ƙarƙashin cikinsa, kamar tumbi, shi kuwa 109 nasa ƙofofin ƙanana ne a ƙarƙashin fikafikai. Da na sauka ƙasa da shi kaɗan na jira daƙiƙa biyu, da na ga tumbin. Irin wannan fargaba ce ta sa aka zana wa jiragen Amurka da Birtaniya da ƙawayensu ratsi biyar, uku farare biyu baƙaƙe, kafin saukar sojojinsu a gaɓar Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944.

Fenti ma bai magance komai duka ba. Ranar 7 ga Nuwamba, 1944, kusa da birnin Nish na Sabiya, jiragen P-38 na Amurka suka yi wa ayarin sojojin Tarayyar Sobiyet ruwan wuta bisa zaton Jamusawa ne, har Janar Grigory Kotov ya rasa ransa. Jiragen Yak na Sobiyet suka taso, aka yi artabu tsakanin ƙawaye, kowane ɓangare ya yi asarar jirage.

Tun daga wannan dare muka canza tsarinmu. Duk wanda zai bar jere sai ya faɗi inda ya nufa, abin da abokina bai yi ba (shi ma ya amsa nasa laifin, ko da yake sai da aka ja), kuma jagora ya daina cewa "maƙiya" sai dai "jiragen da ba a tantance ba". Ni kuma ba na ɗora yatsa a kan kunama sai na ga ƙarƙashin jirgi ko tambarin da ke jikinsa. Wannan jinkiri ya sa Jamusawa da dama sun kuɓuce mini, sau biyu ma an harbo ni ina tsakiyar leƙe, kuma har yau in muka tashi abokin nan ba ya yarda ya shiga gabana.