Abin da na koya a tantin taimakon gaggawa game da gudu cikin zafin ranar Accra

Ni nas ce, amma in aka shirya gudun dogon zango a Accra nakan bi 'yan taimakon gaggawa mu kafa tanti a bakin hanya. A nan na lura wanda ke zubewa galibi mai ƙarfin ne, wanda ya saba hawan tudun Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase duk Asabar yana ganin ba abin da zai same shi. Yaranmu na unguwannin Nima da Maamobi in ka ce su yi hankali da rana dariya suke yi, wai Anti mu fa cikin rana aka haife mu, Turawa take ci.

To ita Accra daga Fabrairu zuwa Afrilu zafinta bai cika wuce digiri 32 ko 33 ba, mutumin Tamale zai ce wannan ai wasa ne, amma iskarmu a jiƙe take da damshin teku. Gumi ba ya sanyaya mutum sai ya bushe a kan fata, in iska ta riga ta ƙoshi da ruwa sai dai ya yi ta zuba, riga ta jiƙe sharkaf, ruwan jiki na tafiya zafin kuma na taruwa a ciki. A gasar duniya ta Doha a 2019 sai wajen tsakar dare aka fara maratan na mata don gudun rana, duk da haka cikin 68 da suka tashi 28 ba su ƙarasa ba, kuma waɗannan ƙwararru ne masu likitocinsu.

Abin da ya fi zauna min a kai shi ne alamun bugun zafi. Mutane suna jiran gumi ya ɗauke, alhali ɗan gudu yana iya zama cikin hatsari gumi na zubo masa. Hankalinsa za ka duba. Yaro mai ladabi ya fara zagin mutane, yana tangaɗi, ka tambaye shi ina yake ya kasa faɗi, to mai yiwuwa zafin cikinsa ya haura digiri 40. A nan 'yan uwa suke rikicewa a tare tasi a jefa shi ciki, sai go-sulo ya riƙe su. A fara sanyaya shi nan take, ana so zafin ya sauko cikin minti 30. In akwai baho a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara, in babu a kai shi inuwa, a sayi ƙanƙarar masu piya wata gaba ɗaya, a jiƙa tawul a sa a wuya da hammata da matsematsi, ana kwara ruwa ana fifita, wani kuma na kiran motar asibiti. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki, shaƙe shi zai yi.

Ruwan ma yana da iyaka. Kowace ledar piya wata rabin lita ce, wani sai ya yi ta bankawa a kowane tebur har gishirin jininsa ya tsinke, ciwon kai da amai su biyo baya. Ka sha gwargwadon ƙishi, in gudun ya yi tsawo ka haɗa da ruwan gishiri da sukari na ORS. Masu haɗiyar maganin ciwon jiki diclofenac kafin tashi kuwa ƙodarsu suke wahalarwa, haka wanda maleriya ta sake shi shekaranjiya ya ɗaura takalmi yau. Fitsari in ya koma kalar Coca-Cola, asibiti kai tsaye.

Maganar fata, gaskiya baƙar fata na ba da kariya amma ba duka ba, kuma hadari ko hazon hunturu ba sa tare duk hasken da ke ƙona ta. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ya fi ƙarfi. Zabiya da masu shafa man bilicin su ne a gaba wajen hatsari, su man kariyar rana mai lamba 30 ko sama dole ne, a sake shafawa bayan awa biyu. Ido kuma bai san baƙi ko fari ba, yawan hasken na taimakawa wajen kawo yanar ido, hular hana sallah da baƙin tabarau ba gayu ba ne. Sai farce. 'Yan gudu sun saba da baƙin farcen ƙafa, amma tabon da ba ya tafiya da tsiron farce a nuna wa likita don yana iya zama kansar fata, irin wannan kansar ce ta kashe Bob Marley a 1981, kuma ita ba rana ke kawo ta ba.

Azumin 2025 a Maris ya faɗo, tsakiyar zafi. Yaran da suka nemi shawarata na ce su mayar da tireni bayan shan ruwa ko bayan tarawi, dogon gudu kuma ya jira bayan Sallah, in an dawo a ba jiki kamar sati biyu ya sake sabawa da zafin kafin a ƙara nisa.