Abin da na koya daga rubuta kundi a kan mamayar Afganistan

A shekarar ƙarshe ta karatuna a sashen tarihi na zaɓi in rubuta kundina a kan mamayar da Tarayyar Sobiyet ta yi wa Afganistan, kuma na shiga aikin ina ganin na riga na san labarin ciki da bai. A tunanina na lokacin, babbar daula ce mai bin tafarkin gurguzu ta yi kwaɗayin ƙasar maƙwabciyarta, ta tura tankokin yaƙi a watan Disamba na 1979, mujahidai suka yi mata turjiya, ta fice a kunyace a watan Fabrairu na 1989. Da na kai wa malamin da ke duba aikina babi na farko, sai ya zagaye shekarun nan biyu da jan biro, ya tambaye ni lissafin wane ne wannan. Sai da na shafe watanni ina karatu kafin in gane cewa lissafin Mosko ne, wato ranar shigarta da ranar fitarta, kuma mutanen da aka yi yaƙin a gonakinsu suna da nasu lissafin daban.

Su a wurinsu jini ya fara zuba tun watan Afrilu na 1978, lokacin da jam'iyyar 'yan gurguzun Afganistan ta kifar da gwamnatin Muhammad Daud Khan, aka kashe shi tare da iyalansa da dama, Nur Muhammad Taraki ya hau mulki. Sabuwar gwamnatin ta yi ta fitar da dokoki a jere: ta yafe wa manoma bashi, ta raba filayen masu hannu da shuni, ta ƙayyade kuɗin aure, ta tilasta wa jama'a shiga ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya karanta su a takarda zai ce don talaka aka yi su. Sai dai matasan jam'iyya aka turo daga birni su aiwatar da su da bakin bindiga, kuma manomin da aka ba fili ya wayi gari ba shi da iri, ba shi da wanda zai ranta masa kuɗi kafin kaka, domin mai gonar da yake dogaro da shi a da an kore shi ko an ɗaure shi. Malaman addini da dattawan ƙauyuka aka yi ta kwashewa zuwa kurkukun Pul-e-Charkhi, da yawansu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A watan Maris na 1979 birnin Herat ya yi bore, sojojin barikin garin suka bi bayan jama'a.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanan zaman shugabannin Sobiyet da aka fitar bayan rushewar daular. Bayan boren Herat, Taraki ya roƙi Mosko ta turo masa sojoji, firaminista Kosigin ya ƙi. Andropov, shugaban hukumar leƙen asiri ta KGB, da Gromiko, ministan harkokin waje, duk sun yarda cewa sojojinsu in sun shiga talakawa za su yaƙa, kuma duniya za ta ɗauke su 'yan mamaya. Wata tara bayan haka, ranar 12 ga Disamba, su ɗin dai tare da shugaban Sobiyet Birezhnev da ministan tsaro Ustinov suka amince da shiga, duk da adawar babban hafsan sojinsu, Marshal Ogarkov. Abin da ya faru a tsakani shi ne Hafizullah Amin, na hannun daman Taraki a jam'iyya, ya hamɓarar da Taraki ya sa an kashe shi, Mosko kuma ta fara zargin zai juya mata baya ya koma ga Amurka. Ranar 27 ga Disamba dakarun Sobiyet suka afka wa fadar Tajbeg, suka kashe Amin, suka ɗora Babrak Karmal, jagoran wani ɓangare na jam'iyyar. Daga nan na goge duk inda na rubuta cewa shugabannin Sobiyet ba su san abin da za su tarar ba. Sun sani sarai, sun ma faɗa da bakinsu, amma tsoron kada a ce ƙasar da ta shiga hannunsu ta suɓuce ya rinjayi abin da suka sani.

Sojojin Sobiyet kimanin 15,000 ne suka mutu, kuma wannan adadi an rubuta shi dalla-dalla. Na Afganistan kuwa ƙiyasi kawai ake yi, galibi a ce miliyan ɗaya ko fiye, sannan sama da miliyan biyar suka yi hijira zuwa Pakistan da Iran, kusan mutum ɗaya a cikin kowane uku. Da yake mujahidai a ƙauye suke samun abinci da mafaka, sai aka mayar da ƙauyen kansa abokin gaba: aka yi ta ruwan bama-bamai a kan gonaki da garkunan dabbobi, aka rusa hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da ake kira karez, waɗanda kakanni suka haƙa da hannu, aka watsa ƙananan nakiyoyi daga jiragen sama waɗanda suka raba yara da hannuwa da ƙafafu. Ni ɗan manomi ne, na san abin da ake nufi da a kashe wa gari ruwa.

Labarin ya ɗan taɓo mu ma, domin a farkon 1980 shugaban Amurka Carter ya turo ɗan dambe Muhammad Ali zuwa wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, ya nemi su ƙaurace wa gasar Olamfik ta Mosko saboda mamayar, amma 'yan wasan Nijeriya sun je.

Babin da ya fi ba ni wuya shi ne na masu taimako. Na taso ina jin ana ambaton mujahidan Afganistan da girmamawa, kuma har yanzu ina kan ra'ayin cewa duk wanda aka shigo wa gida yana da haƙƙin kare kansa. Amma dole na rubuta cewa kuɗin Amurka da na Saudiyya ta hannun hukumar leƙen asirin Pakistan suka bi a zamanin Janar Ziya'ul Haƙ, ita ce ke zaɓen wanda za a ba, kuma kaso mafi tsoka ya tafi ga Gulbuddin Hekmatyar, jagoran ɗaya daga cikin ƙungiyoyin mujahidai. Da gwamnatin Najibullah, magajin Karmal, ta faɗi a watan Afrilu na 1992, ƙungiyoyin nan suka juya wa juna makamai, rokokinsu suka rusa unguwannin Kabul da suka tsira a duk tsawon zaman Sobiyet. Daga cikin yaran da suka girma a sansanonin hijira da makarantun allo na kan iyaka aka samu mayaƙan Taliban da yawa, waɗanda suka ɓullo a Kandahar a 1994, suka kama Kabul a 1996.

Da farko na shirya in rufe kundin da ranar 15 ga Fabrairu na 1989, ranar da Janar Boris Gromov, kwamandan sojojin Sobiyet a Afganistan, ya taka gadar kogin Amu Darya da ƙafa ya koma garin Termez na ɓangaren Sobiyet. Daga baya na mayar da wannan shafi tsakiyar aikin, na rufe da masu tonon nakiya, waɗanda har zuwa ranar da na miƙa kundin suna durƙushe a gonakin Afganistan suna bin ƙasa taki bayan taki.