Baƙin dutsen da na jefar

Ni dai a zatona ko'ina tagulla take sai ta nuna kanta. A aji an nuna mana duwatsu masu kore shar da shuɗi, shi ke nan idona ya kafe a kan launi. Don haka ran da aka kai mu yankin Mansfeld na Jamus, a gindin tsaunukan Harz, na yini ina farautar kore. Na tsinci wani baƙin dutsen laka mai falle-falle, na juya shi, na ga kamar gawayin da ya sha ruwa, na yar.

Malaminmu ya duƙa ya ɗauka, ya miƙo min da ɗan madubinsa na ƙara girma. "Sake dubawa," in ji shi. Sai ga wasu ɗige-ɗige suna ƙyalli, ba su kai ƙwayar gero ba. Kunya ta rufe ni.

Wannan shi ne abin da Jamusawa ke kira Kupferschiefer. Laka ce da ta kwanta a ƙasan wani tsohon teku fiye da shekara miliyan 250 da suka wuce, inda ruwa ba iska, ragowar halittu suka ƙi ruɓewa suka baƙanta ta. Ruwan gishiri mai ɗauke da ƙarafa ya taso ta jan dutsen yashin da ke ƙasa, ya haɗu da farar wutar da ke cikin lakar, tagulla ta maƙale. Dalma da tutiya suka wuce gaba kaɗan kafin su zauna. Shi ya sa mai nema ke bin bakin inda dutsen ya yi ja: cikin jan babu abin kirki, gefensa ne arziki yake.

Abin da ya fi tsaya min a rai kaurinsa ne. Sau da yawa bai kai rabin mita ba. A kan wannan ɗan siririn layi mutane suka yi ta haƙa tun wajen shekarar 1200 har 1990, a kwance bisa haƙarƙari, yara na jan kurar dutse ɗaure a ƙafa. Mahaifin Martin Luther, Bajamushen da ya assasa ɗariƙar Furotesta, shi ma da narkar da tagullar nan ya ci abinci. Ɓaraguzan da suka bari na nan tsibi-tsibi kamar dalar gyada, wasu sun haura mita 100.

Layin kuma bai tsaya a Jamus ba. A 1957 wani masanin duwatsu, Jan Wyżykowski, ya bi sawunsa a Poland, aka huda ƙasa kusa da garin Lubin, aka same shi a zurfin sama da mita 600, a wurin da saman ƙasa bai nuna alamar komai ba. Har yau ana kwasar tagulla da azurfa a can.

Dutsen nan yana kan teburina, ina danne takardu da shi. Madubi kuwa na sayi nawa, na rataya a wuya da igiyar takalmi.