Inda dogo ya ƙare

Yau da safe na je tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, nan Kamaru, taryen Gwaggo da ta taho daga Yawunde, ni da ɗan ƙanwata. Fasinjoji na sauka, 'yan dako na rige-rigen kaya, 'yan kamasho na ta kiran Garuwa da Marwa, sai yaron ya ja mini riga: "Kawu, daga nan ina jirgin zai wuce?" Na ce babu inda zai wuce, da yamma zai koma Yawunde. Ya ce, "To mu 'yan Garuwa fa?" Wallahi sai na rasa ta cewa.

Layin nan ya kai Belabo a 1969, ya iso Ngaundere a 1974, kuma tun daga nan bai ƙara ko taku ɗaya zuwa arewa ba. Kilomita 622 daga Yawunde, ka kwana cikin tarago, ka bi ta Nanga Eboko da Belabo da Ngaundal, gari ya waye a ce sauka, sauran tafiyar ta kwalta ce. Kayan Cadi da suka taso daga tashar ruwa ta Duwala ma nan ake juye su cikin tireloli su kama hanyar Kusiri zuwa Njamena, don ita Cadi ba ta da layin dogo sam. Mun daɗe muna jin za a ƙara layin, har kunne ya saba. Ni dai har yau ban ga dalilin da zai sa Garuwa, da duk audugar da take fitarwa, ta zauna ba tasha ba.