Ciki ne ko tumbi? Yadda muke tantance tsohuwar ƙaramar goɗiya

Sana'ata kiwon ƙananan dawaki ce, irin waɗanda ko sun gama girma tsayinsu ba ya wuce ƙugun babban mutum. Ƙungiyar AMHA ta Amurka, mai yi wa ƙananan dawaki rajista, wadda aka kafa a 1978, ba ta yi wa doki rajista idan ya haura inci 34, wato kimanin santimita 86, wata ƙungiyar kuma tana karɓa har inci 38. A bargarmu muna haɗa barbara, muna rainon duƙushi mu sayar, muna kuma karɓar goɗiyoyin mutane mu kula da su har su sauka lafiya. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi cin lokacinmu, kuma daga gare shi ne tambaya ɗaya take ta maimaituwa. Mutum ya sayi tsohuwar goɗiya ko an ba shi kyauta, shekarunta sun doshi 18 ko 20, bayan 'yan watanni ya ga ciki ya yi tulu, sai ya turo hoto: "Maigida, don Allah duba min, ciki ne da ita?"

Amsata ba ta canzawa. Hoto ba ya faɗa, ido ma ba ya faɗa, ko da na wanda ya daɗe a harkar ne.

Ƙaramin doki gajeren jiki gare shi, abu kaɗan zai ci cikinsa ya yi ƙwallo. Tsohuwar goɗiya da ta sha haihuwa naman cikinta ya saki, gadon bayanta ya lotsa, ko babu komai a mahaifa za ka ga tumbin ya sauko. Busasshiyar ciyawa mai tauri tana kumbura ciki, tsutsar ciki ma haka. Akwai kuma cutar Cushing da ke kama tsofaffin dawaki, wadda ke sa gashi ya yi tsawo ya ƙi zuba, naman baya ya zube, ciki ya rataya, wani lokaci har hantsa ta ciko da ruwa. Duk wanda ya ga wannan sai ya rantse haihuwa ta kusa. A ɗaya ɓangaren kuma, goɗiya mai cikin gaske tana iya kai wata bakwai ko takwas ba ta nuna ba, domin mafi yawan girman ɗan tayi a watanni uku na ƙarshe yake faruwa. Motsin da ake gani a kwiɓi ma ba hujja ba ne sai can ƙarshe, hanji yana motsi, fata tana rawa idan ƙuda ya sauka.

Masu cewa a kai ta gaban ingarma a gani suna da 'yar gaskiya. Goɗiya tana zagayowa kusan kowane kwana 21, ta yi kwana 5 zuwa 7 tana neman namiji: ta ɗaga wutsiya, ta yi fitsari kaɗan-kaɗan, ta tsaya cak. Idan an hau ta, bayan mako uku ta kwantar da kunne ta kai wa ingarma harbi, alama ce mai daɗi cewa wataƙila ta ɗauki ciki. Amma alama ce kawai. A lokacin da rana take gajarta goɗiyoyi da yawa suna daina neman namiji gaba ɗaya, tsofaffi kuma zagayowarsu takan rikice. Akwai ma masu ciki da suke tsayawa wa ingarma kamar babu komai.

Shi ya sa tambayar farko da nake yi wa mai goɗiya ita ce, yaushe rabonta da namiji? Kuma ina nufin kowane namiji. Duƙushi ɗan shekara ɗaya da ake yi wa kallon yaro yana iya yi mata ciki. Wanda aka fiɗiye ma yana iya yi a 'yan makonnin farko bayan fiɗiyar. Ranar da ta haɗu da namijin ita ce ke zaɓa mana gwaji, domin kowane gwaji yana da lokacin da yake faɗin gaskiya da lokacin da yake ruɗar mutum.

Idan mu muka haɗa barbarar kuma mun rubuta rana, sikanin muke yi, wato duba ciki da na'ura mai nuna hoto a allo. Likitan dabbobi yana iya ganin ciki daga kwana 14 zuwa 16 bayan ƙwai ya sauka, ta hanyar sa kan na'urar ta dubura. A nan ƙanƙantar dabbar take zama matsala. A babbar goɗiya likita yana zura hannu har kafaɗa ya lalubi mahaifa, a ƙarama kuwa hanyar matsattsiya ce, idan ta yage goɗiyar tana iya mutuwa. Don haka likitan da muke aiki da shi yana ɗaura kan na'urar a siririyar sanda mai santsi, ya ba ta allurar kwantar da hankali idan mai tsalle-tsalle ce, ni kuma in riƙe kai ina shafa wuyanta. Ba na yarda wanda bai saba da ƙananan dawaki ba ya taɓa min goɗiya ta wannan hanyar, komai sunansa.

A allon na'urar, cikin kwana 14 baƙin ɗigo ne zagayayye, gefensa tas. Matsalar tsohuwar goɗiya ita ce mahaifarta takan tara 'yan ƙulli masu ruwa, su ma baƙaƙen ɗigo ne a allo. Na sha tsayawa bayan likita muna kallon ɗigo biyu ko uku, ya yi shiru yana juya sandar a hankali, ya auna wannan ya auna wancan. Abin da ke raba gardama shi ne a dawo bayan kwana biyu ko uku. Ɗan tayi yana girma, kuma har zuwa wajen kwana 16 yana yawo daga wannan ɓangaren mahaifa zuwa wancan, ƙulli kuwa yana nan inda aka bar shi. Mu yanzu duk tsohuwar da za mu kai wa ingarma sai an fara duba ta an zana inda ƙullinta suke a takarda. Dubawar farkon tana da wani amfanin: idan tagwaye ne, lokacin ne likita zai iya rage ɗaya, domin goɗiya ba kasafai take kai tagwaye ga haihuwa lafiya ba. Wajen kwana 25 ake ganin bugun zuciya.

Ganin bugun zuciyar ba ya sa in ɗaga waya in yi albishir in rufe littafi. Goɗiyar da ta haura shekara 15 ta fi matashiya yawan ɓari a makonnin farko, kuma ɓarin wannan lokacin ba a ganin jini ko wani abu a ƙasa, jiki ne ke shanye shi. Muna sake dubawa wajen kwana 40, mu ƙara wajen kwana 60.

Ga wanda bai san rana ba, ko ba shi da likita mai irin wannan sandar a kusa, sai gwajin jini. A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi da kwanciyar hankali, don ana ce musu "an yi gwaji" ba tare da an faɗi wanne ba. Gwajin furojestaron, sinadarin da ke riƙe ciki, a mako na uku, idan ya fito ƙasa sosai, kusan tabbas babu ciki. Idan ya fito sama kuwa bai tabbatar da komai ba, don goɗiya marar ciki ma tana iya riƙe shi sama tsawon makonni. Gwajin eCG, wani sinadari da ke fitowa a jinin goɗiyar da ta ɗauki ciki, yana aiki ne daga wajen kwana 40 zuwa wajen kwana 120, kafin nan ko bayan nan zai ce babu alhali akwai. Yana kuma da wani tarko da ya fi shafar tsofaffi: wuraren da ke samar da wannan sinadari a bangon mahaifa, da zarar sun kafu suna ci gaba da aiki ko ɗan tayin ya mutu. Gwaji ya ce akwai ciki, goɗiya ta daina neman namiji, mai ita ya zauna jira, mahaifa kuwa wayam. Wanda na fi dogara da shi shi ne gwajin wani sinadarin mai suna estiron salfet, daga wajen kwana 100 zuwa sama, a jini ko a fitsari. Ɗan tayi da mabiyiya ne suke haɗuwa su samar da shi, saboda haka idan ya yi sama, ɗa mai rai ne a ciki. Yana raguwa idan haihuwa ta matso, amma a lokacin sikanin ta fatar ciki ya wadatar: a aske ɗan gashi a gaban hantsa, a shafa mai, a ga haƙarƙari da zuciya. Wannan hanyar daga wata na uku zuwa sama tana aiki, kuma babu haɗarin yagewa.

Tsinken gwajin ciki na mata ba ya aiki a doki, sinadarin da yake nema daban ne. Rataya ƙusa a zare a kan ƙugun goɗiya kuwa ba gwaji ba ne.

Akwai abin da nake roƙon kowa a kansa kafin sakamako ya fito: kada a yanke mata abinci dare ɗaya don an ɗauka ƙiba ce. Ƙananan dawaki da jakuna suna da wata cuta da manyan dawaki ba su cika yi ba. Idan mai ƙiba ta rasa abinci ko ta daina ci, jikinta sai ya kwaso kitse ya zuba a jini fiye da yadda hanta za ta iya sarrafawa. Mai ciki da mai shayarwa sun fi kowa shiga haɗarin. Da farko za ka ga ta yi sanyi, tana tsoma baki a ruwa ba ta sha, tana juya wa abinci baya, cikin 'yan kwanaki hanta ta gaza. Idan likita ya ɗebi jinin ya ajiye, ruwan da ke tasowa sama fari ne kamar madara. Da yawa ba sa tashi. Ni a bargata, ƙaramar goɗiya ta ƙi cin abinci yini ɗaya, a ranar nake kiran likita. Duk wadda ake shakka a kanta muna ɗaukar ta mai ciki ce: ciyawa mai kyau, ruwa da gishirin lasa, a raba ta da ingarma, kada a ba ta wani magani sai an gaya wa likita cewa ana zaton ciki. Idan sakamako ya nuna babu, sai a rage abincin sannu a hankali, a duba haƙoranta, a yi gwajin kashi saboda tsutsa, a gwada ta cutar Cushing.

Ta fuskar ciniki, ba na sayar da goɗiya da sunan mai ciki sai da takardar likita mai ɗauke da rana da irin gwajin da aka yi. Mai saye yana biyan kuɗin rai biyu ne, hakkinsa ne ya san abin da ya saya. Ni ma idan zan saya, "ai ta kwana da ingarma" ba ya shiga lissafina.

Idan ciki ya tabbata, aikin ya koma ƙirga kwana da rashin barci. Babbar goɗiya takan kai wajen kwana 340, ƙananan sukan riga haka, da yawa tsakanin 320 da 330, don haka daga kwana 300 muke fara kwana da ido ɗaya. Hantsa tana fara cika makonni kaɗan kafin ranar, naman gindin wutsiya ya yi laushi, wasu kan nonon ya yi ɗan danƙo kwana ɗaya ko biyu kafin naƙuda, wasu kuma ba sa yi sam. Tsohuwa sai an ɗaga wutsiya an duba ko an taɓa ɗinke mata saman bakin gaba don hana iska da datti shiga, abin da ake yawan yi wa tsofaffi, domin dole likita ya buɗe ɗinkin kafin naƙuda. Ƙananan dawaki sun fi manya samun tangarɗa wajen haihuwa, kuma daga fashewar faya zuwa fitowar duƙushi bai kamata ya wuce minti 20 zuwa 30 ba. Saboda haka duk tsohuwar da aka kawo mana ba a san ranar barbararta ba, muna sa likita ya ƙiyasta watannin da sikanin, mu sa ta a ɗakin da ke kusa da wurin kwananmu tun hantsa ba ta fara cika ba.