Abin da ƙarfe ke yi a tanderu kafin kabon ya iso

Sabon shiga a aikin tsirar da bututun kabon (carbon nanotube, siririn bututu da ido ba ya iya ganin ɗaya), hankalinsa duk yana kan iskar etilin, wadda daga ita kabon ke fitowa: nawa za a saki, minti nawa za ta yi. Ni dai aikin ya nuna min kafin a buɗe etilin ɗin an riga an gama magana.

Baƙin ƙarfen da muke shimfiɗawa kaurinsa nanomita 1 zuwa 2 ne (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita), a kan alumina, wato haɗin alminiyam da oksijin, ita kuma a kan farantin silikon. Da ya sha iska sai ya yi tsatsa, dole a bi shi da haidirojin ya dawo ƙarfe. Zafin tanderun 700 zuwa 800 ne a ma'aunin Salshiyas, ko kusa bai kai ya narkar da ƙarfe ba, amma shimfiɗar sai ta tsattsage ta dunƙule ƙwaya-ƙwaya, kamar ruwa a faranti mai maiƙo. Daga ƙwayar bututu ke tsirowa, kuma faɗinsa nata yake bi. Ka ƙara kaurin ƙarfen kaɗan, sai bututun ya fito da bango da yawa, wato bututu cikin bututu.

Inda gizo ke saƙa shi ne jira. Ƙwayoyin ba sa tsayawa yadda suka fito. Manya na cinye ƙanana atam bayan atam, abin da aka laƙaba wa sunan masanin kimiyya Ostwald, wani ƙarfen kuma ya nutse cikin aluminar ya ɓace. Sai ka tsaga faranti guda biyu, rabi ya daɗe a haidirojin, rabi bai daɗe ba: wanda bai daɗe ba ya fito baƙi ƙirin, bututu tsaye a cunkushe, wanda ya daɗe kuwa tsilla-tsilla. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ɗora wa etilin laifi.

Ruwa ma ya ba ni mamaki. A 2004 Kenji Hata da abokan aikinsa a cibiyar AIST ta Japan suka sa ɗan tururi ƙalilan a tanderun, bututun ya kai milimita 2.5 cikin minti 10. Bayanin farko shi ne ruwan na share dattin kabon da ke toshe ƙwaya. A 2009 Placidus Amama da abokansa suka nuna yana kuma rage wa manyan ƙwayoyin cin ƙananan.

Shi ya sa a littafin aikina, layin farko na haidirojin ne: yaushe aka buɗe, a wane zafi, minti nawa kafin etilin. Ina kuma ciro gutsure ɗaya kafin kabon ya taɓa shi, in kai na'urar AFM, mai nuna abin da ya yi wa ido ƙanƙanta, in ƙirga ƙwayoyin.