Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Bulus Ma da Allura Ya Ci Abinci

Makon jiya na tsaya a inda na sauko daga motar kasuwa da akwatin ƙarfena a ka, wata bakwai kacal bayan an tura ni ƙauyen nan aikin bishara. Baba yana zaure a kan kekensa, Singer ɗin nan mai feda da ya saya tun kafin a koma naira a 1973. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ci gaba da taka keke. Sai da ya kai ƙarshen kalmasa, ya cije zaren da haƙori, sannan ya ce, "Bulus ma da allura ya ci abinci."

Da maganar nan muka tashi a gidanmu. In Inna ta yi ƙorafi cewa dattawan ikkilisiya sun yi alkawarin dami goma na dawa sun kawo huɗu, ita ce amsa. In takalmin ɗayanmu ya tsinke, ita ce dai. Baba yana son labarin Koranti kamar a can aka binne cibiyarsa: yadda Manzo Bulus ya iske Akila da matarsa Bilkisu, Yahudawan da aka kora daga Roma, ya zauna a gidansu saboda sana'arsu ɗaya, ɗinkin tanti, ran Asabar kuma ya shiga majami'a ya yi muhawara, har ya shekara ɗaya da rabi a garin. In ya zo inda Bulus yake ban kwana da dattawan Afisa yana cewa hannuwansa ne suka biya masa bukata, sai Baba ya ajiye Littafin ya ɗaga nasa hannuwan a gaban jama'a. Yatsansa na tsakiya duk ramukan allura ne. Mutane su yi ta kaɗa kai, mu kuwa mun san tuwon daren nan da miyar kuka ce ba mai.

Abin da ban faɗa masa ba ranar, yau zan faɗa. Ni ba a koya mini allura ba. Yaya aka zaunar a gefen keke, ni aka tura makarantar Littafi Mai Tsarki aka ce kaina ya fi hannuna. To da me zan ci abincin? Wata biyar ban ga ko kwabo ba daga waɗanda suka aike ni. Kurkunu ya fito mini a idon sawu, ina naɗe shi a tsinke kullum da safe, ɗakin da aka ba ni kuma yana yoyo daidai kan gadon kara. Bulus ɗin nan dai shi ne ya tuna wa Korantiyawa cewa ba a sa wa takarkari takunkumi yana sussuka, kuma da mutanen Filibi suka aika masa gudummawa ya karɓa, ya rubuta ya gode. Baba ya san wuraren nan sarai, ban dai taɓa jin ya yi wa'azi a kansu ba.

Da dare Kawu ya iso a kan basukur, Inna ce ta aika masa a ɓoye. Ina kwance a ɗakin samari ina jin su, shi da Baba, suna gardama a kan Markus, saurayin da ya bi Bulus da Barnaba aikin bishara ya bar su a hanya.

"Malam, ai Markus ma ya juyo daga Bamfiliya."

"Shi ya sa Bulus ya ƙi tafiya da shi karo na biyu."

"Barnaba fa?"

"Barnaba ɗan'uwan Markus ne. Son kai ne."

Suka yi ta yi har fitila ta cinye kananzir. Mutum biyu da suka yi shekaru suna zagaya ƙauyuka tare, ɗaya yana wa'azi ɗaya yana ba da waƙa, suka rabu a kaina kamar yadda waɗancan suka rabu a Antakiya, Barnaba ya ɗauki Markus suka shiga jirgi zuwa Kubrus, Bulus ya zaɓi Sila. Kubrus ɗina shagon Kawu ne a Sabon Garin Zariya, inda na koyi auna ƙusa da yankan gilashi. Kirsimeti biyu Baba bai taka gidan Kawu ba. Shekarun shago ba abin da zan ce a kansu, na yi aure, an haifi babbar.

Sai da na yi furfura na lura da abin da ke ƙarshen wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti. Bulus ya tsufa, yana ɗaure, abokai sun watse, Luka ne kaɗai tare da shi. Ya ce a ɗauko Markus a zo da shi, yana da amfani a gare shi. Mutumin da aka jajjefe a Listra har aka zaci ya mutu, wanda ya sha bulala arba'in ba ɗaya har sau biyar, bai ji nauyin janye maganarsa a kan yaron da ya gudu ba. A wurin ne kuma ya roƙi a taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa, da littattafansa. Baba ya bi ta kan ayar nan ba adadi a tsohon Littafinsa, fassarar 1932, wanda ya yi wa bango da ƙyallen kaki. Na jira shekara ashirin da wani abu in ji ta daga bakinsa.

Abin da na samu saƙo ne, a hunturunsa na ƙarshe, ta bakin wani direba: in sayo masa rigar sanyi da bel ɗin keke, kuma in kawo da kaina, kada in ba kowa. Na kai. Ya sa rigar, ya ce hannun ya yi tsawo, ya sa na zura masa zare a allura don idonsa ya daina ganin kafar. Sau uku ina kuskurewa. Ya yi dariya ya ce, "Har yanzu?" Inna ta rantse har ta koma ga Ubangiji cewa kiran Markus ɗin ke nan. Ni ban yarda ba, don da baki ya yi mini waccan maganar a zaure, gaban almajiransa biyu.

Keken yana gidan Yaya yanzu, an ɗora masa buhunan masara. Yadda aka yi rabon har ya faɗa hannunsa, da abin da matarsa ta ce mini ranar, sai mako mai zuwa.